Sharar nukiliya: Shekaru 40 ana auna dutse kafin a binne bututu ɗaya, ina Nijar ta kwana?

A watan Agustan 2024 kamfanin Posiva na ƙasar Finland ya fara gwajin ƙarshe a Onkalo, wani rami mai zurfin sama da mita 400 a tsibirin Olkiluoto, inda ake shirin binne makamashin nukiliyar da ya gama aiki har tsawon shekaru 100,000. An yi gwajin da bututan da babu makamashi a cikinsu. A Nuwamban wannan shekara Kanada ta zaɓi yankin Ignace da ke lardin Ontario domin irin wannan rami, sannan a Janairun 2025 Suwidin ta fara aikin nata a Forsmark. Ƙasashen uku duk sun jingina ne da dutse mai tauri na dangin giranit, wato irin manyan duwatsun nan da ke zube a Birnin Damagaram da waɗanda ake gani a tsaunukan Abzin.

Labarin ya shafi Nijar ta fuska biyu. Yuraniyom ɗin Arlit, wanda SOMAÏR ta fara haƙowa a 1971, yana cikin abin da ya rikiɗe ya zama wannan shara a Turai. Sannan ita kanta Nijar ta fara maganar mallakar tashar nukiliya: a ƙarshen Yulin 2025 an sa hannu kan takardar fahimtar juna da Rasha a Yamai, kuma a watan Satumba ministan ma'adinai Ousmane Abarchi ya shaida wa wani taro a Mosko cewa ƙasar na son gina injinan nukiliya biyu masu ƙarfin megawat 2,000 kowanne tare da kamfanin Rosatom. Ga ƙasar da ta ɗanɗani duhu a 2023 lokacin da Najeriya ta yanke mata wuta, burin ba abin mamaki ba ne. Sai dai kowace tasha tana zuwa da tambayar inda za a kai abin da ya fito daga cikinta, kuma tarihin ƙasashen da suka yi nisa ya nuna cewa amsar ta fi gina tashar ɗaukar lokaci.

Me ake son binnewa?

Injin nukiliya mai megawat 1,000 yana fitar da tan 20 zuwa 30 na tsohon makamashi a kowace shekara. Hukumar AIEA ta ƙiyasta cewa daga 1954 zuwa 2016 duniya ta tara kusan tan 390,000, an sake sarrafa kusan kashi ɗaya cikin uku, sauran kuma na ajiye a cikin tafkunan ruwa da manyan tukwanen ƙarfe da kankare a doron ƙasa.

Wannan makamashi yana fita daga injin da zafi da kuma tiririn nukiliya mai kisa. Wasu sinadaran da ke cikinsa, kamar siziyom 137 da sitironciyom 90, ƙarfinsu na raguwa da rabi duk bayan shekaru 30, kuma su ne tushen yawancin zafin a ƙarnukan farko. Filutoniyom 239 kuwa sai ya shekara 24,000 kafin ya ragu da rabi. Babu gwamnati ko ginin da ɗan Adam ya taɓa yi da ya daɗe haka, shi ya sa masana suka karkata ga dutsen da ya riga ya daɗe. Na Olkiluoto da na Forsmark sun kai shekaru kusan miliyan 1,900.

Tsarin da Suwidin ta ƙirƙiro, Finland kuma ta ɗauka, ana kiransa KBS-3. Ana saka sandunan makamashin cikin zubin baƙin ƙarfe, a rufe da bututun jan ƙarfe mai kaurin santimita 5, a zura shi cikin rijiya mai zurfin kusan mita 8 da aka haƙa a daɓen ramin, a kewaye shi da wani yumɓu mai kumbura idan ya sha ruwa, wanda ake kira bentonait. Dutsen shi ne katanga ta ƙarshe. Kafin a amince masa sai an san yadda zai kasance idan aka huda shi, idan aka ɗumama shi, da kuma idan tiriri ya daki jikinsa.

Gwajin Nevada

Amurka ce ta yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko da makamashi na gaske. A hamadar jihar Nevada, cikin wani dutsen giranit da ake kira Climax, masanan cibiyar Lawrence Livermore sun haƙa hanyoyi uku a jere a zurfin mita 420. A 1980 suka saukar da bututai 11 na tsohon makamashi daga tashar Turkey Point ta jihar Florida, suka jera su a cikin rijiyoyi a hanyar tsakiya. A tsakaninsu suka saka wasu guda 6 na lantarki, masu ba da zafi daidai da na gasken amma babu tiriri. Dabarar ita ce a kwatanta rijiyoyin biyu daga baya, domin a raba ɓarnar zafi da ɓarnar tiriri. A hanyoyin gefe kuma an dasa ƙarin na'urorin ɗumama dutse, domin wurin ya yi kama da tsakiyar babbar ma'ajiya.

An bi dutsen da ɗaruruwan na'urorin awo: masu auna zafi, sanduna da wayoyin da ke gano motsin da bai kai kaurin gashi ba, da masu auna yawan tiriri. A 1983 aka zaro bututan duka lafiya lau, abin da ya nuna cewa ana iya kai irin wannan kaya ƙarƙashin ƙasa a kuma dawo da shi.

Sakamakon ya rabu. Lissafin yadda zafi zai bazu a cikin dutsen ya yi daidai da abin da na'urori suka nuna. Tiriri bai yi wa ƙarfin dutsen wata illa ta a zo a gani ba. Inda lissafi ya kasa shi ne motsin dutsen lokacin haƙa. An fara haƙa hanyoyin gefe, aka dasa na'urori a cikin ginshiƙan dutsen da ke tsakani, sannan aka haƙa ta tsakiya ana kallo, kuma abin da aka auna ya saɓa wa abin da kwamfuta ta yi hasashe. Kwamfutar ta ɗauki dutsen a matsayin dunƙule ɗaya, alhali yana cike da tsagogi.

A Suwidin ma an ci karo da haka. A tsohuwar mahaƙar tama ta Stripa, inda masanan Suwidin da na Amurka suka ɗumama giranit da lantarki daga ƙarshen shekarun 1970, dutsen ya kumbura ƙasa da yadda aka lissafa, saboda tsagogin sun shanye wani ɓangare na kumburin ta hanyar rufewa.

Ramin da ke ɓamɓarewa da kansa

A zurfin mita 420, kowane murabba'in mita na dutse yana ɗauke da nauyin sama da tan 1,100 na abin da ke kansa. A wurare da dama matsin da ke zuwa ta gefe ya fi wannan. Muddin ba a taɓa dutsen ba, komai na zaune daidai. Da zarar an huda rami, nauyin da dutsen da aka cire yake ɗauka sai ya koma kan bangon ramin, ya taru a wasu wurare.

Kanada ta auna wannan dalla-dalla a ɗakin bincikenta na ƙarƙashin ƙasa kusa da Lac du Bonnet a lardin Manitoba. A farkon shekarun 1990 an haƙa wani rami mai faɗin mita 3.5 da tsawon mita 46 ba tare da nakiya ba, domin kada a ɗora wa fashewa laifin duk wata tsagar da za a gani. An kewaye wurin da na'urori masu sauraron ƙarar tsagewar dutse tun kafin a fara. A can matsin gefe ya ninka na sama kusan sau biyar. Ana cikin haƙa sai rufin ramin da daɓensa suka fara ɓamɓarewa falle-falle, har ramin da aka haƙa zagaye ya yi tsini sama da ƙasa. Dutsen ya fara karyewa ne a kusan rabin ƙarfin da guntunsa ke nunawa a ɗakin gwaji.

Suwidin ta maimaita darasin da ƙarin zafi a ɗakin bincike na Äspö, kusa da Oskarshamn, a zurfin kusan mita 450. An haƙa rijiyoyi biyu irin na bututai, aka bar ginshiƙi mai kaurin mita ɗaya a tsakani, aka ɗumama shi. Ya fara ɓamɓarewa da matsi ya kai kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfin da aka auna a ɗakin gwaji. An kuma gano cewa ɗan tokari kaɗan a jikin bangon ya isa ya hana ɓamɓarewar, wanda shi ne aikin da yumɓun bentonait zai yi idan ya kumbura.

Abin da ke damun masana a nan ba rushewar ramin ba ne, domin ana iya tokare rami. Damuwarsu ita ce siririn ɓawon dutsen da ya tsattsage a kewayen kowane rami, wanda zai iya zama hanyar ruwa. Ruwa ne kaɗai zai iya cin bututun a hankali, ya kwaso sinadarai, ya kai su rijiyar wani bayan dubban shekaru. Mutanen Damagaram sun san wannan hali na giranit tun kafin masana su rubuta shi. Garin na zaune a kan dutsen da ba ya riƙe ruwa a jikinsa, mai haƙa rijiyar burtsatse ba ya samun komai sai ya dace da tsaga, shi ya sa ake janyo ruwan sha daga Gogo da Machaya da Aroungouza da Ganaram. Mai neman ruwa tsagar yake nema, mai binne shara kuma ita yake gudu, amma taswirar da suke buƙata ɗaya ce.

Sahara na da nata misalin. Daga 1961 zuwa 1966 Faransa ta tayar da bama-baman nukiliya 13 a cikin dutsen giranit na Taourirt Tan Afella, kusa da In Ekker a kudancin Aljeriya. Ranar 1 ga Mayun 1962, a gwajin da aka kira Béryl, toshin ramin ya kasa, gajimare mai guba ya fito ya rufe sojoji da manyan baƙi, ciki har da ministoci biyu, Pierre Messmer da Gaston Palewski. Bam daban, ajiyar shara daban, amma a can ma ta hanyar da mutum ya huda abin ya fito.

Zafin da ba a kashewa

Bayan shekaru 30 zuwa 40 ana sanyaya makamashin, bututu ɗaya a tsarin Suwidin ba ya wuce wat 1,700, kwatankwacin dutsen guga na lantarki. Bambancin shi ne wannan ba a kashe shi, kuma a Forsmark kaɗai za a jera kusan 6,000, masu ɗauke da tan 12,000 na makamashi. Ƙa'idar ita ce kada zafin yumɓun ya kai digiri 100, domin kada ya rasa halinsa na kumbura da toshe ruwa. Wannan ƙa'ida ce ke yanke tazarar da za a bari, kusan mita 6 tsakanin bututu da bututu da mita 40 tsakanin hanya da hanya. Idan dutsen wani wuri ba ya saurin watsa zafi, dole a ƙara tazara, ramin ya ƙara girma, kuɗi su ƙaru. Kuskuren awo kaɗan a nan yana iya zama ƙarin kilomitoci na haƙa.

Domin tabbatar da lissafin, a Grimsel da ke tsaunukan Suwizalan an kunna wata na'urar ɗumama cikin giranit da yumɓu a 1997, aka riƙe ta a digiri 100, ba a tone ta ba sai a 2015, bayan shekaru 18.

Shi kuwa tiriri, a tsarin KBS-3 ƙarfen bututun ne ke tare mafi yawansa, ɗan abin da ya fita kuma ba ya nisa a cikin yumɓu da dutse. Abin da ake sa wa ido shi ne yadda yake farfasa ruwan da ke kusa ya haifar da sinadarai masu cin ƙarfe. Batun cin jan ƙarfe ya taɓa tayar da ƙura a Suwidin, inda wasu masanan cibiyar KTH ta Stockholm suka ce jan ƙarfe na iya lalacewa ko a ruwan da babu iskar oksijin. A Janairun 2018 kotun kula da ƙasa da muhalli ta nemi ƙarin hujja, kuma gwamnati ba ta amince da aikin ba sai a Janairun 2022.

Dutse mai kyau bai wadatar ba

Finland ta tsara jadawalinta tun 1983, ta tantance wurare da dama, majalisar dokoki ta amince da Olkiluoto a 2001 da ƙuri'u 159 a kan 3, aka fara haƙa a 2004, aka ba da lasisin gini a 2015. Posiva ta nemi lasisin fara aiki a ƙarshen 2021, hukumar sa ido ta STUK kuma ta ɗage wa'adin bincikenta fiye da sau ɗaya ba tare da wani ya tilasta mata gaggawa ba. Sin ta fara gina ɗakin bincikenta a giranit na Beishan, a hamadar lardin Gansu, a 2021, mai zurfin mita 560, kuma ba ta sa ran ma'ajiya ta gaske sai wajen 2050.

Amurka, wadda ta yi gwajin Climax, har yau ba ta da ma'ajiyar dindindin ta makamashin tashoshinta. A 1987 majalisa ta tsayar da tsaunin Yucca ba tare da yardar jihar Nevada ba, aka kashe biliyoyin daloli, aikin ya tsaya cik a zamanin Barack Obama. Faransa, babbar mai sayen yuraniyom ɗin Nijar na tsawon shekaru, ta duba giranit a yankin Vienne ta bar shi a 1998, tawagar da ta aika neman wani wurin giranit a 2000 kuma ta sha kora daga mazauna karkara. Daga ƙarshe ta tsaya a kan yumɓun Bure, inda hukumar Andra ta shigar da takardar neman izinin aikin Cigéo a Janairun 2023. Inda aikin ya ci gaba, an buga alƙaluman awo a fili, akwai hukumar sa ido mai cin gashin kanta, kuma an bai wa ƙaramar hukumar wurin ikon ta ce a'a.

Abin da ya rage wa Nijar

Samun giranit a Abzin, da Damagaram da Muniyo, da Liptako ba ya nufin Nijar na da wurin binne shara. Sanin haka na buƙatar rijiyoyin bincike masu zurfi, da awon matsin dutse, da taswirar tsagogi da shekarun ruwan da ke cikinsu, aikin da ya ci wa Finland shekaru 20 kafin ta sara dutse. Haka kuma duk wanda zai zo da tayin kawo sharar waje hamada da sunan babu kowa a can, doka ta riga ta amsa masa: yarjejeniyar Bamako ta 1991, wadda Nijar ke ciki, ta haramta shigo da shara mai guba Afirka, har da ta nukiliya.

Idan maganar tasha ta yi nisa, sakin layin da ya kamata ƴan ƙasa su nema a cikin kwangilar shi ne na tsohon makamashi. Bangladesh ta ƙulla yarjejeniya da Rasha a 2017 cewa makamashin tashar Rooppur zai koma Rasha bayan ya gama aiki. Ko da an samu irin wannan, sauran shara mai matsakaicin haɗari da gawar tashar kanta bayan shekaru 60 suna nan a hannun mai tasha.

Akwai kuma sharar da ba ta jiran tasha. Mahaƙar COMINAK ta Akouta, wadda ta yi aiki daga 1978 zuwa 31 ga Maris 2021, ta bar kusan tan miliyan 20 na dusar ma'adini a kan fili mai eka 120 na awon hekta. Haɗarin kilo ɗaya na wannan dusa bai kama ƙafar na tsohon makamashi ba, kuma ba ta buƙatar rami mai mita 400. Amma tana riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na tiririn da ma'adinin ke da shi tun asali, domin yuraniyom kaɗai aka cire. Radiyom 226 da ke ciki na raguwa da rabi ne a shekaru 1,600, toriyom 230 kuma a shekaru 75,000, kuma suna ci gaba da fitar da iskar radon. Shirin da Orano ya sanar, na kusan yuro miliyan 150, wato sefa miliyar 98, shi ne a lulluɓe tulin da mita biyu na yumɓu da dutse, a ci gaba da sa ido na wasu shekaru bayan an gama. Ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit da cibiyar CRIIRAD ta Faransa sun daɗe suna nuna damuwa kan ruwan ƙarƙashin ƙasa da garin ke sha, kuma rahoton Greenpeace na 2010 ya ce samfura huɗu cikin biyar na ruwan da ta ɗiba sun haura ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, zargin da kamfanin ya yi jayayya da shi.

Tun da gwamnati ta janye lasisin Imouraren a Yunin 2024, ta kuma mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa a Yunin 2025, alhakin abin da SOMAÏR ke tarawa ya ƙara komawa Yamai. Ƙasar na da hukumar HANEA, da hukumar sa ido ta ARSN, da cibiyar nazarin sinadarai masu tiriri a Jami'ar Abdou Moumouni, da makarantar EMIG, da EMAÏR a Agadas, ga kuma ɗaliban ilimin ƙasa da injiniyoyi ƴan Nijar da ke aiki a waje. Aikin da ya fi kusa da su shi ne jerin rijiyoyin awo a kewayen Arlit da Akokan, da alƙaluman ruwa da iska da ake bugawa a kai a kai inda kowa zai gani, da kasafin da ba ya tsayawa idan gwamnati ta sauya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu sayen yuraniyom da masu ba da bashin gina tasha za su tambayi waɗannan alƙaluma, kuma mutanen Arlit sun riga su tambaya tun fiye da shekaru 20.